Ƙwallon Gelik a Ayalan: gardamar tsarin gasa da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Ranar 23 ga Oktoba, 2021, wakilan Ƙungiyar Wasannin Gelik ta Ayalan, wadda aka fi sani da GAA, suka hallara a filin Croke Park da ke Dublin domin yanke hukunci a kan tambaya guda: a raba gasar larduna da gasar ƙasa baki ɗaya, ko a bar su a ɗaure kamar yadda aka gada? Da aka ƙirga ƙuri'u, 85 suka ce a raba, 83 suka ce a bari. Masu rinjayen ne suka tashi da kaye, saboda dokar ƙungiyar ta tanadi sai shawara ta samu kashi 60 cikin 100 kafin ta zama doka. Bayan wata huɗu kacal aka sake zama, aka amince da wani tsarin dabam da ƙuri'a sama da kashi 90. Shi ma shekara uku ya yi aka tuɓe shi.

Wanda bai san wasan ba zai iya cewa mutanen nan ba su san abin da suke so ba. Sun sani sarai. Abu uku suke so a lokaci guda, kuma ukun ba sa shiga jaka ɗaya: kowace gunduma ta samu wasanni da yawa, kowane wasa ya zama na ko-a-mutu-ko-a-yi-rai, sannan kada a taɓa larduna.

Wasan kansa na mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana riƙe ƙwallo da hannu ana kuma bugawa da ƙafa. Ta shiga raga maki uku, ta wuce saman sanda tsakanin turaku biyu maki ɗaya, ko biyu idan daga nesa aka buga. Abin da ya raba shi da ƙwallon Turai da muka saba kallo bai tsaya a kan dokoki ba. 'Yan wasan ba su da albashi. Malamin makaranta ne, ɗan sanda ne, manomi ne, ɗalibi ne, ranar Lahadi ya buga a gaban mutum 82,300 a Croke Park, cikin mako ya koma bakin aikinsa. Kuma babu kasuwar cinikin 'yan wasa. Gundumar da ka fito ita za ka buga wa, sai a ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka gundumar Leitrim mai mutum wajen 35,000 da ta Dublin mai kusan miliyan ɗaya da rabi suna neman kofi ɗaya, kofin ƙasa na Sam Maguire, kuma Leitrim ba ta da inda za ta sayo ɗan gaba.

Tun 1888, shekara huɗu da kafa ƙungiyar a garin Thurles, hanyar zuwa kofin ƙasa ta bi ta larduna huɗu. Tarihi ne ya zana iyakokin nan, ba don ƙwallo ba. Leinster gunduma 12 ne, 11 ke shiga gasar tunda Kilkenny ta karkata ga wasan hurling. Ulster tara, shida a Ayalan ta Arewa, uku a Jamhuriyar. Munster shida, amma galibinsu hurling ne a gabansu. Connacht biyar, sai aka ƙara musu Landan a 1975 da New York a 1999. A 1980 Kerry wasa uku kacal ta buga ta ɗauki kofin ƙasa: ta doke Cork, ta doke Offaly, ta doke Roscommon. Ƙungiyar Ulster da ƙuri'a ta jefa zagayen share fage kuwa sai ta ci wasa huɗu kafin ma ta fito daga lardinta, kuma a can babu wasan hutu. Wannan giɓin bai toshe ba har yau. A 2025 Donegal ta buga wasa 11 ciki har da na ƙarshe, Kerry da ta doke ta wasa tara ta buga.

Har zuwa shekarar 2000 gasar sili-ɗaya-ƙwale ce zalla. Ƙungiya ta kwashe hunturu tana atisaye cikin ruwa da laka, a watan Mayu ta buga minti 70, an ci ta, shekara ta ƙare. Dattawa na yabon zamanin da cewa kowane wasa yana da haƙori. Gaskiya ne, sai dai rabin gundumomin ƙasar sau ɗaya ake ganinsu a bazara. A 2001 aka buɗe abin da kowa ya laƙaba wa "ƙofar baya": wanda aka fitar a lardi zai samu dama ta biyu. A shekarar farko Roscommon ta fitar da Galway daga gasar Connacht, Galway ta zagayo ta ƙofar baya, ta sake haɗuwa da Roscommon ta rama, ta je ta lallasa Meath a wasan ƙarshe. Tun daga nan aka gane wa ƙofar ta fi amfana. An gina ta don ƙanana su samu wasa na biyu, manya suka mai da ita wurin gyara kuskure. Tyrone ta bi ta nan ta ci kofi a 2005 da 2008, Kerry a 2006 da 2009, Cork a 2010. A 2010 ɗin ma dukan zakarun larduna huɗu a zagayen kwata fainal suka faɗi. Ƙaramar gunduma takan yi wa babba ba-zata sau ɗaya. Ta yi sau biyu a bazara guda abu ne mai wuya.

Wani gwaji na ware wa ƙanana kofinsu, kofin Tommy Murphy, daga 2004 zuwa 2008 ya yi ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki. Na Super 8s, inda ƙungiyoyi takwas na ƙarshe suka kasu rukuni biyu, shekara biyu ya yi, 2018 da 2019. Shi ya tona wani ciwon dabam: an ce kowace ƙungiya za ta buga wasa ɗaya a gida, ɗaya a waje, ɗaya a Croke Park a matsayin filin 'yan ba-ruwanmu, alhali Croke Park nan ne Dublin ke buga wasanninta na gida. Donegal ta yi ƙorafi, ba ta samu biyan buƙata ba. A bazarar 2018 ɗin ne kuma Kildare ta ƙi yarda a ɗauke wasanta da Mayo daga ƙaramin filinta na Newbridge zuwa Croke Park, ta ce ko a Newbridge ko a fasa. Hukuma ta sauko, aka buga a can, Kildare ta ci 21 da 19.

Annobar korona ta tilasta komawa sili-ɗaya-ƙwale a 2020, sai ga abin da masu son tsohon tsari suke kafa hujja da shi har gobe. Cork ta fitar da Kerry da ƙwallon da Mark Keane ya zura a daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci. Tipperary ta ci Munster karon farko tun 1935, Cavan ta ci Ulster karon farko tun 1997, duka a rana ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda labarin ya ƙare: Dublin da Mayo sun yi fatali da su biyun a zagayen kusa da na ƙarshe, Dublin ta ɗauki kofinta na shida a jere. A wasan ƙarshe na Leinster na 2020 ɗin Dublin ta ci Meath 30 da 9.

Da wannan yanayin aka shiga taron 2021. Shawara biyu aka kawo. Ta A ta ce a daidaita larduna kowane ya zama ƙungiya takwas, a kwashi wasu daga Ulster da Leinster a kai Connacht da Munster. Ta faɗi warwas, domin babu gundumar da za ta yarda a ce mata bana ke 'yar wani lardin ce. Ta B ita ce ta ɗaga hankali. Akwai gasar lig da ake bugawa a farkon shekara, mataki huɗu, kowane ƙungiya takwas, ana hawa ana sauka. Kusan kowa ya yarda ita ce gasa mafi adalci da GAA take da ita, tunda kowa da tsaransa yake karawa. Shawarar ta ce a juya kalandar: larduna su koma watannin Fabrairu da Maris su tsaya da ƙafarsu, lig ta koma bazara ta zama ita ce hanyar zuwa Sam Maguire. Ƙungiyar 'yan wasa ta GPA ta mara mata baya da ƙarfi, kuma dalilinta a fili yake. Ɗan wasan Wicklow ko Carlow zai samu wasa bakwai a busasshen fili da ƙungiyoyin da zai iya dokewa, maimakon ya je Dublin ta yi masa ruwan ƙwallaye.

Shawarar tana da rauninta, kuma masu adawa sun kama shi da kyau. A ƙarƙashinta ƙungiyar da ta zo ta shida a mataki na ɗaya ta fita ke nan, amma zakaran mataki na huɗu, wanda a lissafi shi ne na 25 a ƙasar, zai ci gaba da neman kofi. Duk da haka ba wannan ne ya kashe ta ba a ganina. Galibin gundumomin Ulster sun tsaya kai da fata a kan cewa gasar lardinsu ba ta da ciwo, don me za a ba ta magani? Wanda ya san yadda garin Clones ke cika maƙil ranar wasan ƙarshe na Ulster zai fahimci abin da suke karewa. Ga gundumomi shida da ke Ayalan ta Arewa kuma, gasar da ta haɗa su da Donegal da Cavan da Monaghan ba tare da kula da iyaka ba tana da nauyin da ya wuce ƙwallo. Sannan akwai kuɗi, wanda ba a cika ambata a bainar jama'a ba. Majalisun larduna da kuɗin ƙofa na gasarsu suke biyan masu horar da yara da tallafa wa filayen kulob-kulob. A mai da gasar watan Fabrairu cikin sanyi, a cire mata alaƙa da kofin ƙasa, 'yan kallo za su ragu, asusun ma ya ragu.

Sulhun da aka cimma a Fabrairun 2022, wanda ya fara aiki a 2023, ya ba kowa ɗan abin lasa. Ƙungiya 16 za su nemi Sam Maguire: takwas da suka kai wasan ƙarshe na lardunansu, zakaran kofin Tailteann na bara, sai bakwai bisa matsayinsu a lig. Sauran su buga Tailteann, sabon kofin mataki na biyu. Sha shidan aka raba rukuni huɗu, uku su fito daga kowane. Wato wasa 24 domin a sallami ƙungiya huɗu. A 2024 Derry ta sha kashi a hannun Donegal a Ulster, Galway ta doke ta, Armagh ta yi mata dukan kawo wuƙa a gida, ta lallaɓa ta ci Westmeath, ta fitar da Mayo a bugun fenariti, sai ga ta a kwata fainal bayan rashin nasara uku. Roscommon ma haka ta kai. 'Yan kallo suka yi nasu lissafin, iyali ba za su kashe kuɗin mai da na tikiti a kan wasan da ko an ci ko ba a ci ba za a sake haɗuwa mako mai zuwa, suka zauna a gida har sai an fara fitar da juna.

Ƙullin da ya fi damuna a tsarin ba yawan wasannin ba ne, tikitin nan ne na kai wa wasan ƙarshe na lardi. A 2023 Sligo, wadda a mataki na huɗu ta buga lig, ƙuri'a ta jefa ta gefen da babu Galway babu Mayo babu Roscommon. Ta doke Landan, ta doke New York, ta kai wasan ƙarshe na Connacht inda Galway ta ba ta tazarar maki 14, amma ta riga ta samu gurbi cikin 16. Meath da ta buga mataki na biyu ta gangara Tailteann. Sligo ba ta yi laifin komai ba, doka ta bi. Sai dai gurbin da ya kamata ƙwazon wata uku ya bayar, hannun mai ɗaga ƙuri'a ne ya bayar da shi. Kowane gyara tun 2001 haka yake, kamar magidancin da ke ta ƙara ɗakuna a jikin tsohon soron gado da ya tsage, ba ya iya rushe shi, ba ya kuma son a ce ya gyara harsashin.

Kofin Tailteann kam ya ba masu shakka kunya, ciki har da waɗanda suka ce zai bi sahun Tommy Murphy. Bambancin shi ne an ba shi lada na gaske, gurbi a babbar gasa ta shekara mai zuwa, an kuma kai wasanninsa na ƙarshe Croke Park ana nunawa a talabijin. Westmeath ta ci na farko a 2022, Meath a 2023, Down a 2024, Kildare a 2025. Meath da aka yi wa kallon ta faɗi, shekara biyu bayan nan ta doke Dublin da Kerry da Galway a bazara guda ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Amma a duba sunayen huɗun nan da kyau. Uku daga ciki tsofaffin zakarun ƙasa ne da suka yi tuntuɓe. Waterford da Leitrim da Carlow har yanzu suna ƙasan ƙasa, shi ya sa ake jin masu kira a ƙara mataki na uku, kamar yadda gasar kulob-kulob da ta mata suke da matakai uku, hurling kuma biyar.

Duk wannan ana yinsa ne cikin matsin kalanda. Daga 2022 aka raba shekara biyu: gundumomi su gama a watan Yuli, kulob-kulob na unguwanni da ƙauyuka su karɓi ragowar. A da wasan ƙarshe a Satumba ake yi, ɗan wasan kulob kuma, wanda shi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, ba ya sanin ranar wasansa sai gundumarsa ta fita. Rabon ya yi masa adalci. Kuɗin da aka biya shi ne cunkoso: lig, larduna, rukuni, zagayen fitarwa, duka tsakanin ƙarshen Janairu da ƙarshen Yuli, a kan mutanen da ke zuwa aiki da safe. Wasanni suna karo da juna a ƙarshen mako guda, wasu sai a intanet da kuɗi ake kallonsu. Duk mai cewa a ƙara wasanni sai ya faɗi makon da za a saka su, mai cewa a koma Agusta kuma sai ya fuskanci ɗan kulob.

A Fabrairun 2025 babban taro ya zauna a Donegal ya soke matakin rukuni daga 2026. A sabon tsarin 16 ɗin za su kara a zagayen farko, takwas da suka ci su haɗu da juna, takwas da aka ci su ma su haɗu da juna. Wanda ya ci biyu a jere ya wuce kwata fainal, wanda aka ci sau biyu a jere ya tafi gida, waɗanda suka ci ɗaya suka faɗi ɗaya su sake gwabzawa a kan gurabe huɗun da suka rage. Wasa 20 kafin kwata fainal maimakon 28, kuma rashin nasara biyu a wannan matakin sallama ce.

Abin dariya, tsarin da aka riga aka yanke wa hukunci sai ya yi bankwana da bazara mafi daɗi. A watan Yunin 2025, a filin Dr Hyde Park da ke Roscommon, Mayo na buƙatar canjaras da Donegal domin ta fito daga rukuni. Ta farke daf da tashi. Mai tsaron ragar Donegal, Shaun Patton, ya yi sauri ya bugo ƙwallo, ta isa hannun Ciarán Moore, ƙahon tashi ya busa yana cikin gudu da ita ta gefen hagu, bai fitar da ita waje ba, ya kutsa ya ɗaga ta saman sanda. Mayo ta fita a nan take, Cavan ta wuce. Wata guda kafin haka Louth ta ci Leinster karon farko tun 1957 a gaban mutum sama da 65,000, alhali wasan ƙarshe na shekarar da ta gabata bai tara 25,000 ba.

Jadawalin 2025 da na 2024 iri ɗaya ne, to me ya canja? Abu biyu, kuma babu na tsarin gasa a ciki. Kwamitin da Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, ya jagoranta ya sake dokokin wasan kansa: maki biyu ga wanda ya ci daga wajen zagayen mita 40, dole kowace ƙungiya ta bar mutum uku a gaba, wanda aka yi wa keta ya ɗauki ƙwallo ya ci gaba ba sai ya jira ba. Wasan da ya koma jefa-min-in-jefa-maka a gaban katangar mutum 15 ya sake buɗewa, tazarar maki shida ko bakwai ta daina zama tabbas. Na biyu, ƙarfin Dublin ya ragu bayan manyan 'yan wasanta sun yi ritaya, Meath ta katse mata jerin kofunan Leinster 14 da ta fara tun 2011. Wani kaso mai yawa na abin da aka shekara goma ana ɗora wa jadawali, ashe na salon wasa ne da na ƙungiya ɗaya da ta fi kowa.

Wannan ba ya wanke larduna, amma ya gyara mini yadda nake auna su. Ban goyi bayan a kashe su ba. Ga Leitrim a 1994, Clare a 1992, Westmeath a 2004, Louth a 2025, kofin lardi shi ne kaɗai babban abin da hannu zai iya kaiwa, kuma Fermanagh da Wicklow da ba su taɓa ci ba suna da haƙƙin su ci gaba da nema. Abin da nake gani ya dace a yanke shi ne igiyar da ta ba mai kai wa wasan ƙarshe gurbi. Zakaran lardi ya shiga 16 kai tsaye, wannan lada ne da ya cancanta. Zakaran Tailteann ya shiga. Sauran 11 lig ta tantance su. Ulster ba ta rasa komai, ƙuri'ar Connacht da Munster ta daina raba gurabe. Bayan haka a bar tsarin ya yi shekara biyar ko shida ba a taɓa shi ba. Tun 2017 zuwa 2026 an sauya fasalin gasar har mai sayen tikiti ya daina bin lissafi, kuma babu tsarin da aka ba lokacin da za a gane ko shi ne mai laifi.

Akwai abin da ko wannan ba zai taɓa ba. Mutane na ƙaura daga yammacin ƙasar zuwa gabas, kulob-kulob na ƙauye a Kerry ta kudu da Leitrim da arewacin Mayo suna haɗe ƙungiyoyin yaransu don su cika 15, na kewayen Dublin kuma suna neman filin da za su zuba ɗaruruwan yara. Shekaru da dama Dublin ta fi kowace gunduma samun kuɗin horar da matasa daga uwar ƙungiya, bisa hujjar cewa a can yaran suke. Tun 2002 wani kwamitin nazari na GAA ya ba da shawarar a raba Dublin gida biyu, arewa da kudu. Ba a aiwatar ba, kuma yanzu da Dublin ta daina cin kofi kowace shekara an daina ma tayar da maganar a taro.